Ranar da Na Mayar da Kawu Bahago

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye ƙyalle daga kan hotona a filin biro, wato ofishin kumandan mai mulkin Gaya, ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya. Yau in na ba yara labarin dariya suke yi har da riƙe ciki, ni ma ina taya su. Amma a ranar, wallahi da ƙasa ta tsage da na shige na jawo ta na rufe kaina.

Zamanin soja ne. Ina saurayi, ban daɗe da dawowa daga Malanville ba, inda na koyi ɗaukar hoto a wajen wani tsohon maigida ɗan kudancin Benin. Na buɗe ɗan shagona kusa da tashar mota. Akwai masu hoto biyu a garin kafin ni, aikinsu na katin shaida ne: zauna, ɗaga haɓa, kada ka ƙifta, tashi. Ni kuwa a ganina na wuce nan. Ni artis ne. Har na rubuta kalmar da jan fenti a allon shago, na kuma samo wata baƙar hula irin ta masu zane da na gani a tsohuwar mujalla, ina kifa ta a gefen kai cikin zafin Gaya (zufa tana bin bayan kunnena, amma wai ado nake yi).

Gaskiya dai ina son aikin, wannan ba ƙarya a ciki. Da an sallame asuba nake sauka bakin kogi, in tsaya ina jiran rana ta taɓa tarun masunta. Felikil guda, wato naɗin fim ɗaya, hoto goma sha biyu ne kacal, kowanne sai ka yi masa tunani kamar mai zaɓen irin shuka, kuma ba ka ganin abin da ka kama sai ka shiga ɗakin duhu ka wanke. Kamarata irin mai ido biyu ce, wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. Tana da wani hali da ya kamata ku riƙe, don shi ne tushen masifata: a gilashinta komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. In ka wanke hoton yadda ya kamata, sai komai ya koma wurinsa.

Maigidana ya sha ja mini kunne a kan haka. Ɗan baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, wanda muke kira kilishe, fuska biyu gare shi, ɗaya mai ƙyalli ɗaya marar ƙyalli. In za ka sa shi a injin ƙara girma, mai ƙyallin ke kallon sama. In ka kifa shi, hoton zai fito a juye. To ni da na zama mai gashin kaina, sai na gano cewa wani lokaci juyayyen ya fi yi mini kyau, don shi ne abin da idona ya gani a gilashi ya so. Na juya kwale-kwale, na juya giginya, na juya kogin kansa ya fi sau ashirin. Kogi bai taɓa kai ƙarata ba, saboda haka na ɗauka na gano wani sirri da ya fi ƙarfin tsohon.

Yanzu bari in gabatar muku da Kawu Arzika, yayan mahaifiyata, manomin shinkafa a fadamar bakin kogi. Mutum ne mai nauyin baki, wanda in ya yi tari a zaure ake rage murya a cikin gida. An haife shi bahago. Mahaifiyata ta ba ni labarin yadda ake ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da igiya in za a ci tuwo, har ya koyi ci da dama, gaisuwa da dama, riƙe lauje da dama. Sunan Bahago ya bi shi har ya yi gemu, kuma ya tsani sunan nan kamar mutuwarsa. An ce ya taɓa ɗaga wani ƙato ya maka da ƙasa a kasuwar Yelu a kan kalmar. Da ƙyar ya binne sunan. Ko Baba Maidanda, taubashinsa, wanda al'ada ta ba shi damar tsokanarsa yadda ya ga dama, ya daɗe da barin wannan a gefe.

Kawu ba ya son hoto. In ban da na katin shaida da aka tilasta masa, wanda ya fito a ciki kamar an kama shi da akuyar mutane, bai taɓa tsayawa gaban kamara ba. A shekarar nan sai manoman kofaratif suka zaɓe shi a matsayin wanda shinkafarsa ta fi ta kowa, aka ce kumandan da kansa zai ba shi kyautar rediyo, kuma yana son babban hoto da za a rataye a barandar biro. Wa za a ba aikin? Ai mai jan fenti a allo. Na je na sami Kawu ina ta washe baki.

Ya dube ni ya ce, "Tunda kai na za ka ɗauka, to. Amma abu guda nika roƙo nai gare ka. Wanga hoto zai daɗe bayan na tahi. Ka hidda ni mutum."

Na dafa ƙirji na ce, "Kawu, ka bar mini komai."

Ranar ba da kyautar an yi ta ne a bakin gona da hantsi. An kafa tuta a kan gora, wani soja ya ƙame kusa da ita yana sarawa. Kumandan, wani dogon kapiten mai baƙin tabarau wanda ba ya ɗaga murya (shi ya sa ake tsoronsa), ya miƙa rediyon. Kawu ya cire malfarsa ya dafe ta a ƙirji da hannun hagu, ya miƙa na dama ya karɓa. Ni ina sunkuye ina leƙen gilashi, haske ya zubo a kumatun Kawu, shinkafa ta kwanta a bayansu, na danna. Tun kafin in wanke na san na kama abin da ban taɓa kama irinsa ba.

A ɗakin duhu na fara fitar da shi daidai, mai ƙyalli a sama, yadda aka koya mini. Na duba, raina bai kwanta ba. Ba shi ne abin da na gani a gilashi ba. Sai shaiɗanin artis ya raɗa mini, na sa yatsu biyu na kifa kilishen. Takarda ta shiga ruwan magani, fuskar Kawu ta fara tasowa a hankali, na ji tsigar jikina ta tashi. Wai har na yi bincike, kada ku ce ban yi ba. Na duba tuta, tutarmu kuwa ko ta ina ka juya ta iri ɗaya ce, ratsi uku a kwance da rana a tsakiya. Akwai wani ƙyalle mai rubutu da aka ɗaura a wurin, wanda da ya tona mini asiri tun da wuri, amma na riga na yanke shi don wai yana ɓata mini sararin sama.

Kwana shida hoton yana jingine a shagona ina kallonsa safe da yamma. Na kalli hasken kumatu, na kalli inuwar malfa, na kalli yadda gajimare ya tsaya. Hannu dai ban kalla ba ko sau ɗaya. Na hana kowa gani, na sa aka yi masa katako da gilashi, na lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ni da ƙafata na bi gida-gida ina gayyata, har Baba Maidanda na je na ce kada ya kuskura ya rasa.

Ranar Alhamis filin biro ya cika. Masu gari sun zo daga ƙauyuka, ga manoman kofaratif, ga malaman lakol, wato makarantar boko, ga mata a gefe guda, ga jandarmomi a tsaye. Kawu yana zaune a kujerar gaba cikin babbar rigar da yake zuwa Idi da ita. Ba wanda ya nemi in yi jawabi, amma na yi. Na gyara hula na yi magana da Faransancin da na tsinto a tasha, na ambaci haske da inuwa da ruhin manomi. Kumandan ya duba agogonsa, na yi shiru. Ya miƙa hannu ya ja ƙyallen.

Aka yi tafi. Mata suka rangaɗa guɗa. Na ga Kawu ya ɗan gyara zama, gefen bakinsa ya motsa, wanda a wajensa wannan ƙyalƙyala dariya ce. Kaina ya yi girman da hular ta kusa tsagewa.

Sai Baba Maidanda ya taso da sandarsa. Ya matsa kusa da hoton ya ƙanƙance ido. Ya ɗaga hannunsa ɗaya ya duba, ya ɗaga ɗayan. Sannan ya juya wa hoton baya, ya tsaya yadda Kawu ya tsaya a ciki, ya miƙa hannu, ya waiga ya sake dubawa. Ni ina murmushi, na ɗauka sha'awa ce ta kama tsoho.

"La'ilaha illallahu," in ji shi, da muryar da ake kiran mutum daga tsallaken kogi. "Arzika! Ashe hannun ya dawo? Jama'a ku taho ku gani, Bahago ya amshi kyautar gwamnati da hagu!"

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa a baya. Na dubi hoton, kuma a karo na farko cikin kwana shida na ga hannu. Ga Kawu nan, malfa a dama, rediyo a hagu, ƙiri-ƙiri, da girman da makaho ma zai shafa ya gane. Mutane suka fara turereniya suna leƙe, ana ƙus-ƙus, wasu suna toshe baki. Sai wani malamin lakol, wanda Allah bai ba shi basirar yin shiru ba, ya ce, "Ai kumandan ma da hagu yab ba shi."

Ba a ma gama haɗiye wannan ba sai sojan da ke cikin hoton, wanda yake tsaye a bakin baranda, ya hango kansa yana sara wa tutar ƙasa da hannun hagu. Bawan Allah ya ƙame ya ce, "Mon komandan, na rantse da Allah da dama nis sara!"

Ku tuna, zamanin da mutum kan kwana a bayan kanta don ya ci gaba da tafiya ana sauke tuta ke nan. Ni kuwa na sa kumandan ya miƙa wa dattijo kyauta da hannun da ake tsarki da shi, na sa sojansa ya raina tuta, na kuma yi wa abin katako da gilashi na gayyato gari. (Allah ya taimake ni gadar kogi ba ta fito a ciki ba, da an ce na ɗauki Gaya na ba Benin.)

Kumandan ya cire tabarau. Ban taɓa ganin idonsa ba sai ran nan, kuma ban ji daɗin ganinsa ba.

"Fotograf," ya ce a hankali. "Zo nan. Mine ne wanga?"

Na buɗe baki. Abin da ya kamata in ce shi ne na yi kuskure, a yi mini rai. Abin da ya fito shi ne, "Ranka shi daɗe, don haske ne. Ta nan hasken ya fi zama."

"Haske," in ji shi. Ya gyaɗa kai kamar mai nazari. "Bon. Wataƙila ni ne ban san hannuna ba." Ya ɗaga hannunsa na dama a gabana. "Wanga shi ne damata. Kai nuna mini taka."

Muna fuskantar juna ne. Idona yana kan hannunsa. Na ɗaga hannun da ke daidai da nasa, kamar mai kallon madubi. Na ɗaga shi sama sosai, har da miƙe yatsu, don a ga ladabina.

Hagu na ɗaga.

Ban san wanda ya fara ba, amma filin nan gaba ɗaya ya fashe. Masu gari suna rufe fuska da rawani, mata suna dafa juna, wani jandarma ya juya ya fuskanci bango kafaɗarsa tana rawa. Baba Maidanda ya zauna a ƙasa daɓas yana share hawaye yana cewa, "Gado yay yi! Wallahi kawunsa yag gada!" Ni kuwa ina tsaye da hannu a sama, na rasa yadda ake sauke shi. Hulata ta zame ta faɗi, ban ɗauka ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Kawu yana zaune yadda yake, ya ɗora hannayensa biyu a gwiwa, yana kallon ƙasa. Wannan ya fi mini idon kumandan zafi. Abu guda ya roƙe ni, na kuwa tono masa sunan da ya yi rabin rayuwarsa yana binnewa, na rataye shi a bangon gwamnati.

Kumandan ya yi wa jandarma alama ya karɓi kamarar daga wuyana. Nan ne Kawu ya miƙe. Ya cire malfa ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗan ƙanwata na. Ba shi da mugunta, wauta ta gare shi. In anka ɗaure shi, wautar tana nan, hoton ma yana nan. A sa shi shi gyara abin da yaɓ ɓata."

Sai a lokacin hankalina ya dawo na tuna kilishen yana aljihuna cikin ambulan. Na fito da shi, na nuna wa kumandan yadda in an ɗaga shi a rana ta wannan fuskar kowa na da dama, in an kifa kowa ya koma bahago. Ya karɓa ya juya, ya sake juyawa, ya fi sau biyar. Ya ce, "Wato da yatsa biyu kana iya maida ni marar kunya." Na ce a'a. Ya ce, "Ga shi kuwa ka yi." Hukuncinsa shi ne a ƙone hoton a nan take, in kawo na gaskiya kafin azahar ɗin gobe, kuma jandarma ya tsaya a kaina a ɗakin duhu har in gama. Haka aka yi. Mutumin bai san komai a kan wanke hoto ba, amma duk bayan minti biyu sai ya ce mini, "Ina damarka?" in nuna masa.

Na gaskiyar ya hau bango, aka mayar mini da kamarata. Abin da nake tsoro shi ne sunan ya koma kan Kawu. Allah da ikonsa, kafin mako ya zagayo gari ya yanke shawarar wanda ya fi cancanta da shi. A tasha, a bakin kogi, a masallaci, ba wanda ya ƙara kirana da sunan yanka. Masu kawo hoton katin shaida ma sai su zauna su ce, "Don Allah yadda nike za ka hidda ni, kada ka juya ni."

Kawu kuwa bai ƙara tayar da maganar ba. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Sai da aka gama yankan shinkafa na yi ta maza, na wanke masa nasa na gaskiya, na same shi shi kaɗai a rumfar ƙofar gida da la'asar, rediyon nan yana magana a gefensa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na miƙa hoton da hannu biyu (na daina yarda da ɗaya). Ya duba, ya ce ya yi, ya aika da shi cikin gida a rataye. Na yunƙura zan tashi, sai ya rage muryar rediyo.

"Wancan hwa? Na hwarin. Duka anka ƙone?"

Na ce babban an ƙone, amma akwai ɗan ƙarami da na yi gwaji da shi, yau ɗin nan zan yaga shi. Ya ce in je in kawo. Na tafi da gudu na dawo, ina tunanin so yake ya yaga da kansa.

Ya waiga dama da hagu, ba kowa a hanya. Sannan ya miƙo hannu ya karɓa, kuma da hagu ya karɓa. Ban taɓa ganin ya miƙa wa mutum wannan hannun ba tunda nake. Ya riƙe ɗan hoton ya daɗe yana kallo, yana shafa gefensa da babban yatsa.

"Tun ina ɗan shekara biyar ban miƙa shi gaban mutane ba," ya ce. "Ashe da an bar shi, haka zan tsaya."

Ya sa hoton a aljihun ciki na rigarsa ya dafe. Sannan fuskar nan tasa ta dawo yadda na san ta, ya nuna ni da yatsa. "Na bango na mutane na. Wanga nawa na. In Maidanda ya ji, ni da kai ta."

Maidanda bai ji ba har suka koma ga Allah su duka biyun, shi ya sa yau nake iya faɗa. Na yi shekaru ina ɗaukar hoto bayan nan, na ɗauki angwaye da alhazai da jarirai, amma wanda aka riƙe kusa da zuciya a cikinsu duka shi ne wanda ya kusa kai ni bayan kanta. Kada wani yaro mai kamara ya ji wannan ya ce zai gwada, ni ma ba dabarata ba ce, Allah ne ya rufa wa wawa asiri. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka tsaya yabon hasken da ke kumatun mutum, fara duba hannun da ka ba shi. Kalmar artis kuwa da kaina na goge ta daga allo. Ban sha wahalar neman abin da zan rubuta a wurinta ba, don gari ya riga ya raɗa wa shagon suna, kuma har na rufe shi Foto Bahago ake ce masa.